Maganin Ɗan Shatu

Geceme, 6 ga Yuli, 2024

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen da ba ya ƙarewa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya Rabat, yaya karatu, yaya kaɗaici? Kada ka ce mini babu kaɗaici, don sai in yi fushi.

Na san za ka yi dariya ka ce ga waya a hannu, me ya sa sai na cika takarda na ɗauki hotonta na turo. Na gaya maka tun ranar da muka raka ka tashar Dutsi, magana a waya wucewa take yi. Takardarka kuwa in hotonta ya iso, zama nake yi in kwafe ta da hannuna cikin kaye, littafin rubutuna, in sa ta tsakanin littattafaina. Har na fi son karanta ta a kan su, kuma ka san wannan ba ƙaramar magana ba ce a bakina.

Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai, ƙaninka Jibrilla ya gama noman farko, gero ya yi kore shar. Saniyar Inna mai farin goshi ta haifi mace.

Inna Ajuma kuma alhamdulillahi. Wanda bai sani ba ba zai ce tana da sankarar jini ba. Tana shan ƙwayarta kowace safiya bayan fura. Ita ke riƙe da kwalbar, ni dai ruwa nake ajiye mata in ba ta wuri, ai ba na tsaya a kan surukata ina kallon bakinta ba. Randebunta na asibitin Yamai, wato ranar ganin likita, yana tsakiyar watan gobe.

Ka san ta, ba za ta taɓa tambayar lafiyarka ba, tun da kai ɗan fari ne. Har yau “ɗan Shatu” take ce maka, don Gwaggo Shatu ce ta goye ka bayan yaye. Amma in na zauna a tsakar gida ina karanta wa Gwaggo takardarka, sai ka ga Inna ta kwaso ƙoranta ta zo wanki a bayan zana. Ƙwarya ɗaya za ta yi ta wankewa har in kai ƙarshe.

Yanzu ga ƙarata. Shekaranjiya mun je suna Dumega, Hafsat 'yar kawuna ta tare ni a gaban mata ta ce, “Wai mijin nan naki mi yake karantawa shekara uku?” Na ce jini yake karantawa. Ta ce, “Ai mahauci ma ya san jini!” Aka yi ta yi mini dariya. Don Allah ka bayyana mini aikinka da Hausar da zan iya maimaitawa. Ina so in koma Dumega da bakina cike.

Matarka mai ƙirga kwanaki,
Nazifa

Rabat, 14 ga Yuli

Nazifa tawa,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, kuma kaɗaici akwai, kada ki yi fushi. Ki gaishe da Gwaggo da Jibrilla. Ki gaishe da mai wankin ƙorai, ko da ba za ta amsa ba.

To, ga amsar Hafsat. Ki tuna lambun albasa na fadama, yadda ake ba fangali ruwa. Mutum ɗaya ya sa fartanya ya buɗe hanya, ruwa ya shiga. In ya isa, wani ya toshe. In mai buɗewa ya yi ta buɗewa babu mai toshewa, kin san yadda albasa za ta ƙare.

Haka yake a jikinmu. A cikin ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini, ƙanana ne, ido ba ya ganin su. Kowace tana jiran umarni: ki rabu biyu, ko ki dakata. Akwai wani sinadarin jiki, furotin, da ake kira kinaz, aikinsa manna wata 'yar alama, fosfat, a jikin sauran furotin. Da ya manna sai aiki ya tashi. Shi ne mai buɗe ruwa. Akwai kuma fosfataz, shi ke ɓamɓare alamar, aiki ya tsaya. Shi ne mai toshewa. Ni a kan mai toshewa nake aiki.

A irin ciwon Inna, wani kinaz ne ya lalace, ya buɗe ruwa ya ƙi bari, fararen ƙwayoyin jini suna ta ƙaruwa babu tsayawa. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa aka ɗaure hannun wani babban fosfataz da muke kira PP2A, don kada ya toshe. Ƙwayar da Inna ke sha tana riƙe hannun mai buɗewa, shi ya sa ta samu sauƙi. Sai dai akwai wasu ƙwayoyin ciwon da ke laɓe can cikin ɓargo kamar masu barci, maganin bai cika gamawa da su ba. Dalilin da ya sa ake shan sa kullum ke nan. Mu abin da muke nema shi ne mu kwance hannun mai toshewa, ko shi ya kai gare su. Kada ki ɗauka duk fosfataz na kirki ne fa. Akwai wani, SHP2, shi kuma in ƙarfinsa ya wuce kima, shi da kansa ke tayar da wani ciwon jini na yara. Gidan nasu ma akwai mai halin tsiya.

Yanzu ki gyara zama, ga labari. Wata goma sha huɗu ina gwada sinadarai a kan ƙwayoyin ciwon da muke kiwo a labo, ɗakin gwajinmu, babu abin da ya motsa. Ranar Talata na ɗiga wani sabo. Ranar Juma'a na leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, Nazifa, sai da na tashi na wanke fuska na dawo. Yawancin ƙwayoyin ciwon sun mutu, masu lafiyar da na ajiye a gefe suna nan da ransu! Na auna, na ga PP2A ya farka yana aiki. A ramuka uku na farantin gwaji na ɗiga shi, duka ukun haka suka nuna. Profesarmu, matar da ban taɓa ganin haƙoranta ba, ta duba ta ce, “Ba laifi.” A bakinta wannan guɗa ce.

Amma ki ji da kyau. Wannan a cikin faranti ne, ba a jikin mutum ba. Ko ɓera ba mu gwada wa ba tukuna. Abubuwa da yawa sun yi aiki a faranti suka kasa a jiki, wasu ma suka zama guba. In Allah ya sa ya yi, shekara goma ce ko fiye. Ba magani ba ne, hanya ce muka hango.

Mijinki,
Sharif

Geceme, 19 ga Yuli

Gwarzona,

Ina gaisuwa, muna lafiya, amma yau ba ni da haƙurin doguwar gaisuwa. Allahu Akbar! Sau huɗu na karanta takardarka kafin in iya kwafe ta. Na rufe ido na gan ka cikin farar riga, ka sunkuya a kan madubi, ka ɗago kanka a hankali. Wallahi duk littattafan da na karanta babu wanda ya kai wannan. Su jarumansu motoci suke da su. Nawa ya ta da mai toshe ruwa daga barci!

Da hantsi na shimfiɗa tabarma na kira Gwaggo. Kafin in gama sallama Inna ta iso bayan zana da ƙoranta. Na karanta musu zancen fangali da fartanya, Gwaggo tana ta cewa, “Haka ne, haka ne,” kamar ita ta koya maka. Da na kai wurin da ƙwayoyin ciwon suka mutu, sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa, har awaki suka watse. A bayan zana kuwa wankin ya tsaya cak. Na ji ƙwarya ta faɗi ƙasa. Can sai muryar Inna, ƙasa-ƙasa: “Shatu, ɗanki ya yi ƙoƙari.” Gwaggo ta ce tun da ta ɗauke ka a bayanta ba ta taɓa jin Inna ta yabe ka ba sai yau.

A wurin “ba laifi” na profesarku na tsaya. Sauran, na ɓera da shekara goma, ban karanta musu ba. Ka yi haƙuri, wuri ya yi daɗi ƙwarai, ban iya ɓata shi ba. Wata rana na ƙarasa musu.

Hafsat kuma ta shiga uku. Na haddace kinaz da fosfataz, ina maimaitawa ina daka.

Taka har kullum,
Nazifa

Rabat, 20 ga Yuli

Nazifa,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin takardarki, maganar Inna kuwa sai da na fita waje na zauna ni kaɗai. Amma don Allah yau ɗin nan ki karanta musu sauran. Wannan sakin layin ya fi duk na sama muhimmanci. Ki faɗa musu ƙaramin abu ne, ba magani ba ne, kada wani ya sa rai. Ki rubuto mini in kin yi.

Sharif

Geceme, 14 ga Agusta

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Washegarin da na turo maka takarda tsawa ta faɗa wa eriyar garinmu, rezo ya ɗauke, waya ta daina shiga. Ruwa kuma ya yanke hanyar Tibiri, masu gyara ba su samu shigowa ba sai shekaranjiya, su ma da ƙyar. Takardarka ta ashirin ga Yuli jiya ta shigo wayata. Da ta zo a kan lokaci, da ban rubuta wannan ba.

Jiya da safe Jibrilla ya ce wa Inna ta shirya, jibi ne randebun Yamai. Ta ce ba ta zuwa. Ya tambayi dalili, ta ce ƙafarta ba ta son mota. Bayan ta fita tatsa na shiga share mata ɗaki, na ɗaga faifan da ke kan babbar ƙwaryarta, sai ga ƙullin tsumma. Na kwance. Ƙwayoyinta ne, Sharif, ashirin da biyar. Tun ranar da na karanta takardarka ba ta sha ko ɗaya ba. Kullum tana fitar da guda daga kwalba don mu ga tana raguwa, ta ƙulle a nan.

Na ruga na gaya wa Gwaggo. Gwaggo ta same ta a gindin saniya ta ce, “Ajuma, kashe kanki za ki yi?”

Inna ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Ɗanki ya samo nashi. In nashi ya zo ya iske na wasu cike da jikina, ina za ya zauna? Ke kin taɓa ganin na tatsa cikin ƙwaryar da ban wanke ba?”

Ka gane? Wanke maka jikinta take yi. Ba ta iya kiran sunanka, ba ta iya yi maka guɗa, wannan ce hanyar da ta samu.

Nan take na ɗauko kaye na tsaya inda za ta ji, na karanta wa Gwaggo sakin layin da na tsallake, da takardarka ta jiya, kalma kalma. Ɓera, guba, shekara goma, ƙaramin abu, duka. Na ɗauka za ta yi shiru. Sai na ji tana dariya. Ta ce, “Shatu, kin ji shi ko? Ubanshi sak. Marigayi in anka tambaye shi shanu, cewa yake 'yan ƙalilan ne, alhali garke ya cika daji. Wane ɗan halak ne ke hwaɗin yawan abin da Allah ya ba shi? Tun da ya ce ƙarami ne, to babba ne.”

Na sake karantawa, ta sake yin dariya. Duk yadda ka ƙanƙanta abin, a kunnenta girma yake ƙarawa, don haka aka tarbiyyantar da ku.

Laifina ne. Na saba in labari ya kai wuri mai daɗi in rufe littafi in rungume shi, ban yi tunanin akwai mai saurare da ranta a ciki ba. Kwana biyun nan na lura tana saurin gajiya, jiya ko rabin furarta ba ta sha ba. Ka gaya mini abin da zan yi.

Nazifa

Rabat, 15 ga Agusta

Nazifa,

Ina gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce ki karanta duka, Nazifa. Wannan ran uwata ne, ba labari ba ne.

Na kira likitanta a Yamai, ya ce ta koma kan ƙwayar yau, a kawo ta da zarar hanya ta yiwu. Na kira Jibrilla na ce ya miƙa mata waya. Ina jin sa yana roƙonta, ina jin ta tana cewa ya kai wa Shatu. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ban san me ya sa na zaci yau za ta fara ba.

Ki gane haɗarin. Fiye da kwana ashirin da biyar ke nan an saki hannun mai buɗe ruwa. Ƙwayoyin da ke laɓe a ɓargo za su farka su yi ta haihuwa. Abin da na fi tsoro shi ne a cikin masu yawan nan wasu su sauya kama, ta yadda in ta koma kan ƙwayar ba za ta ƙara kama su ba. Kuma abin da nake nema, ko ya zama magani wata rana, ba ya korar wannan ƙwayar. Tare za su yi aiki, ɗaya ya riƙe mai buɗewa, ɗaya ya kwance mai toshewa. Ba ya bukatar a wanke masa wuri.

Na yanke shawara zan taho. Ƙwayoyin labo sai an sauya musu ruwa duk bayan kwana biyu, in na tafi gwajin nan ya lalace, sai an faro. Ya lalace ɗin. Gobe zan gaya wa profesa.

Ki yafe mini layin farko. Na so in goge, na bar shi don kin ce kada in riƙa ɓoye miki raina. Ni ma da laifina, na fi kowa sanin wadda ke bayan zana, amma na fara da labari mai daɗi na bar gargaɗi a ƙarshe.

Sharif

Geceme, 16 ga Agusta

Maigidana,

Ina gaisuwa. Layin farkon ya yi zafi, na yi kukana na share, gaskiya ka faɗa. Amma kada ka je wurin profesa tukuna, kada ka taho! In ta ga ka sauka da jaka, cewa za ta yi maganin ka kawo. Kuma kana shigowa tsakar gida za ta shige ɗaki, ta zana za ku yi magana, ka ce ƙarami ne, ta ji babba.

Na samo wata dabara. Yau da safe wani dillali ya kawo karsana ƙofar gida yana so Jibrilla ya yi musaya da ɗan bijiminsa. Ya yi ta zuba: uwarta mai nono ce, kakarta kaza ce. Inna ta fito, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta buɗe bakin karsanar ta duba haƙora, ta shafa hantsa, ta sa aka ja ta ta ga tafiyarta. Ta ce, “Mayar da abarka.” Ina tsaye da tsintsiya sai abin ya faɗo mini. Inna ba ta auna dabba da bakin mai ita, ko ya yaba ko ya kushe. Da idonta take aunawa. Mu kuwa kwana uku muna ta cika mata kunne.

Ka ɗauko mini hoton abin nan da kake kiwon ƙwayoyin a ciki, yadda yake, kada ka gyara komai. Ka ɗora shi a tafin hannunka don a ga girmansa. Amma kada fuskarka ta fito ko kaɗan, in ta fito ba za ta kalla a gabanmu ba. Hannu kawai.

Ka ba ni kwana biyu. In bai yi ba, ni da kaina zan ce ka taho.

Matarka,
Nazifa

Rabat, 16 ga Agusta

Nazifa,

Ga shi nan. Farantin roba ne mai ramuka shida, ruwan da ke ciki abincinsu ne. Ramuka uku na sama su ne waɗanda na ɗiga wa sinadarin. Duk abin da na samu a wata goma sha huɗu ke nan, babu wani a ɓoye. Kwana biyu, ba ƙari. Allah ya ba ki sa'a.

Sharif

Geceme, 17 ga Agusta

Sanyin idona,

Ta sha! Ta sha, Sharif! Gaisuwa ta biyo baya, bari in ba ka labari tun daga farko.

Da hantsi Inna tana zaune a inuwa tana kaɗa nono. Na zo na zauna kusa da Gwaggo, na ɗaga murya na ce, “Gwaggo, ɗanki ya turo hoton garkensa.” Gwaggo ta karɓi waya ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta ce, “Ni idona ya mutu, ban ga komi ba. Ajuma, duba mini.” Wallahi ban haɗa baki da ita ba, tsohuwar nan ta fi ni wayo.

Inna ta goge hannu a zane ta karɓa, ta nisanta wayar da fuskarta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Ina marasa lahiyan?”

Na ce, “Su ne nan, Inna, cikin ramukan nan.”

“Cikin wanga ruwa mai kamar zoɓon da anka tsinka?”

“E, Inna.”

“Mutum nawa ya sha?”

“Ko ɗaya. Ko ɓera bai sha ba.”

“Sauran fa? Na ɗaki?”

“Babu saura. Duka ke nan.”

Ta sa yatsa ta auna farantin da tafin hannunka, ta auna da nata. Ta ce, “Wanga ai ko kaza ba ta sha ta ƙoshi.” Gwaggo ta fashe da dariya, ni ina so in yi, ina tsoro. Inna ta girgiza kai ta ce, “Ashe da gaske yake. Abin ko yaye ba a yi mashi ba, ni ina nan ina gyara mashi turke.”

Sai na yi ƙarfin hali, ban bi ta kan Gwaggo ba, na durƙusa a gabanta na ce, “Inna, ya ce ko ya girma ba shi kaɗai zai yi aiki ba. Tare da ƙwayar asibiti za a haɗa su. Wanda ya riƙe ta asibiti shi zai iske.” Ta dube ni ta ce, “Kamar shanun huɗa.” Na ce, “Kamar su.” Ban sani ba ko daidai ne a ilminku, amma ban gyara mata ba.

Ba ta miƙo wayar nan da nan ba. Na lura idonta ya bar farantin, yana kan hannunka. Ta ce, “Shatu, ɗanki bai cin abinci. Dubi wuyan hannu.” Sannan ta kife wayar a tabarma, ta ce in ɗauko mata ƙullin nan da ruwa. A gabana ta haɗiye, ba ta ce in ba ta wuri ba. Ta miƙo mini kwalbar ta ce, “Riƙe. Kullum ki kawo mini da hannunki.”

Na shiga ɗaki na yi ta tsalle ni kaɗai kamar yarinya. Jibrilla ya ce motoci sun fara wucewa ta hanyar Tibiri, jibi za su kama hanyar Yamai, kuma da ni za a je. Ka koma wurin ƙwayoyinka ka sauya musu ruwa. Kuma ka ci abinci, umarni ne daga sama.

Yanzu ga gaisuwar: ina gaishe ka, ina kewarka, ina alfahari da kai da farantinka da ko kaza ba ta ƙoshi da shi.

Taka,
Nazifa

Geceme, 12 ga Satumba

Maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma wuyan hannu ya fara cikowa. Mu nan lafiya, gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun fara damun Jibrilla.

Jiya muka dawo daga Yamai karo na biyu. Ka tuna a zuwan farko likita ya ce fararen ƙwayoyin sun hau, ya yi wa Inna faɗa, ita kuwa tana kallon silin kamar da wani yake. Ya ce mu dawo bayan sati uku a ga ko ƙwayar tana kamawa har yanzu. Sati ukun nan ban iya buɗe littafi ko ɗaya ba. To, albishirinka! An sake aunawa, sun sauka. Ya ce alama ce mai kyau, maganin bai sake su ba. Babban awon, wanda ake aikawa da jini nesa, sai nan da wata uku, kuma ya ce kada a ƙara tsallake ko kwana ɗaya. Na ce masa kwalbar tana hannuna. A cikin mota na yi ta murmushi har wata mata ta tambaye ni ko amarya ce ni.

Na ji daɗin jin cewa gwajinka ya sake fitowa daidai, kuma profesa ta yarda a fara shirin ɓeraye. Wannan karon na karanta wa Gwaggo takardar tun daga sallama har sa hannu, da duk “amma” ɗinka guda biyar.

Ɗazu ina cikin rubuta wannan, sai inuwa ta rufe mini takarda. Na ɗaga kai, Inna ce tsaye a kaina, ba ƙwarya a hannunta, ba Gwaggo a kusa. Ta ce, “Takardar Rabat ce?” Na ce e. Na zaci wucewa za ta yi. Sai ta ce, “Akwai sauran wuri a ƙasa?” Na ce akwai. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in ƙara mata zaƙi irin nawa. Ga shi, ban taɓa ko kalma ɗaya ba:

“Ɗan Shatu, ka yi aikinka a hankali, kada ka yi gaggawa saboda ni. Ina shan na mutane. Ina nan.”

Matarka,
Nazifa